Yadda ake haɗa benci mai katako biyar a gida da zarto da guduma

Duk wanda ya ce mini yana son ya fara aikin katako a gida, benci nake sa shi ya fara yi, ƙaramin nan mai ɗaukar mutum biyu. Katako biyar ne kacal a jikinsa: saman da ake zama, ƙafafu biyu, da wasu sirara guda biyu da ke riƙe ƙafafun ta gefe, waɗanda ni nake kira haƙarƙari. Na haɗa irinsa ban san iyaka ba, kuma har yau ban ga aikin da ya kai shi koya wa hannu awo da yanka da haɗi a zama ɗaya ba. In ka yi kuskure ma ba ya ɓoye maka, da ka zauna za ka ji shi a jikinka. Wanda ya iya wannan benci ya iya akwati, ya iya kanta, don haɗin duk ɗaya ne.

Kayan aiki

Zarto na hannu shi ne kan gaba. Ka nemi mai haƙora 8 zuwa 10 a kowane inci, don yana yanka a kwance da a tsaye ba tare da ya yayyaga katako ba. Sabo mai kaifi, ko da na talaka ne, ya fi tsohon mai suna wanda ya dakushe. Zarto in ya dakushe sai ka yi ta danna shi da ƙarfi, dannawar nan kuwa ita ke kautar da shi daga layi, ita ce kuma ke sa ya zame ya sami yatsa.

Sai guduma mai baki biyu, wadda bayanta ke cire ƙusa. Sai tef na awo, da fensir da aka fiƙe sosai, da sukurudireba wadda bakinta ya yi daidai da kan sukurun da ka saya. Sai sukwaya, wato ƙarfen nan mai kusurwa da ake ja layi a miƙe da shi. Mutane da yawa suna raina sukwaya, suna cewa ai ido ya isa. Bai isa ba. In da za a ce in bar guduma ko sukwaya, guduma zan bari, don dutse ma yana buga ƙusa, amma ba abin da ke gyara yankan da ya karkace.

In ba ka da sukwaya, ka ninka takarda biyu, ka sake ninkawa yadda bakin ninkin farko zai hau kan kansa daidai, kusurwar da ta fito cikakkiya ce. Littafi mai kauri da bangonsa bai lanƙwashe ba shi ma yana yi. In kuma sabuwa ka saya, ka gwada ta tukuna: ka jingina ta da gefen katako miƙaƙƙe ka ja layi, ka juya ta ta ɗaya fuskar ka sake ja a wuri guda. In layin biyu sun hau kan juna, ta yi. In sun buɗe baki kamar almakashi, to ƙarya za ta riƙa yi maka a kowane yanka.

Injin huda, na lantarki ko na juyawa da hannu, yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma za a iya yi ba shi, zan faɗi yadda ake yi in mun zo wurin. Haka ma ƙarfen matse katako. In babu, igiya mai ƙarfi da ɗan guntun sanda, ko robar tsohon tub na taya da aka yanka siri-siri, suna tsaya masa.

Kayan da za a haɗa

Katako mai faɗin santimita 28 da kaurin santimita 2, tsawon mita 2. Daga cikinsa za a fitar da sama da ƙafafu. In 28 bai samu ba, kada faɗin ya gaza 25, in ba haka ba bencin zai riƙa kifewa. Sai siririn katako mai faɗin santimita 9, kauri iri ɗaya, tsawon mita 2 shi ma. Sukuru mai tsawon santimita 5, kamar guda 30, ko da yake 20 za ka ɗaura, sauran na ɓacewa ne da na lalacewar kai. Farin gam na katako. Samfefa mai lamba 80, da 120, da 180. Sai fenti ko banish ko man katako, da buroshi, da tsumma.

1. Zaɓen katako

Nan ne rabin aikin yake, shi ya sa zan daɗe a kai. Ka ɗauki katakon, ka ajiye kai ɗaya a ƙasa, ka ɗaga ɗaya kan zuwa idonka, ka rufe ido ɗaya ka bi gefensa da kallo har ƙarshe. Abu uku kake nema. Wani ya yi baka a tsawonsa, wani ya yi kwarmi a faɗinsa kamar cokali, wani kuma ya murɗe. Mai ɗan baka za a iya amfani da shi, tunda in an yayyanka shi gajeru bakan yana raguwa. Mai kwarmi kaɗan sukuru na iya kwantar da shi. Murɗaɗɗe kam ka bar shi inda ka gan shi, ba ya gyaruwa da kayan aikin gida.

Ka duba bakinsa biyu ko ya dare. Ka duba idanun nan masu duhu inda reshe ya fito. In ido a manne yake daram, ba laifi muddin bai faɗo inda za ka yanka ko inda sukuru zai shiga ba. In kuwa baƙi ne mai zobe yana motsi in ka danna, wata rana zai faɗo ya bar rami. Ƙananan huji masu zubar da gari kamar fulawa alamar ƙwaro ce a ciki, kada ka shigar da shi gida, zai koma kan sauran kayanka.

Babban abin da ke cutar mai koyo shi ne ɗanyen katako. Za ka ji shi da nauyi fiye da girmansa, da sanyi a tafin hannu, garinsa kuma yana dunƙulewa ya liƙe a haƙoran zarto. Itace yana shan ruwa yana fitarwa har bayan an sare shi, kuma in yana bushewa a faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Na taɓa ɗaukar katako a kan cewa busasshe ne, ban tsaya na duba da kaina ba. Na haɗa benci ya yi kyau, na shafa masa mai. Bayan 'yan makonni sai ga tsaga ta taso daga bakin sukuru ta bi saman har kusan tsakiya, faɗin da allura za ta shige. Sukurun sun riƙe gefe biyu, katakon yana son tsukewa, bai sami hanya ba sai ya dare. Ya yi mini ciwo, don kyauta na yi niyyar ba da shi. Tun daga ranar ba na yankan katako ran da na kawo shi. Ina jera shi a kwance a inuwa inda iska ke bi, in sa 'yan sanduna a tsakani don kada su haɗu, in bar shi mako ɗaya ko biyu in da ma ya kusa bushewa. Ɗanye sharaf kuwa watanni yake so. Kada ka shanya shi a rana don ka yi sauri, waje zai bushe ciki bai bushe ba, sai ya tsattsage.

Tsohon katako da aka cire daga wani abu yana da kyau, sau da yawa ma ya fi sabo zama. Sai dai ka bi shi ka cire kowace ƙusa, don guda ɗaya da ta ɓuya ta isa ta kashe zarto. In katakon fale-falen ɗora kaya ne, ka duba hatimin da ke jikinsa. Mai alamar HT da zafi aka gasa shi, ba matsala. Mai alamar MB an turara shi da maganin ƙwari mai guba, kada ka yi kayan cikin gida da shi. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, kada ka goge shi a bushe kana shaƙar ƙurar.

2. Awo da zane

Ka fara da datse bakin katakon, kamar santimita 2 ko 3, a kan layin sukwaya. Kada ka yarda da bakin da ya zo da shi. Daga wannan sabon bakin za ka fara awo.

Sama santimita 90. Ƙafafu biyu, kowace 43. Haƙarƙari biyu, kowane 80. Tsayin benci zai tashi 45, wanda shi ne tsayin da yawancin kujeru ke da shi, ƙafar babban mutum ta taka ƙasa ba takura. Ƙafafun a tsawon katako za a fitar da su, yadda jijiyar itacen, wato layukan nan da ke bin tsawonsa, za ta tsaya daga sama zuwa ƙasa. In jijiya ta kwanta a ƙafa, nauyi na hawa za ta ɓalle.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne ya zana duka awon a jere sannan ya hau yanka. Zarto yana cin katako, kamar milimita ɗaya zuwa biyu a kowane yanka, sai ka ga na biyu ya gaza na farko. Ka auna ɗaya, ka yanka, sannan ka auna na gaba. Ƙafa ta biyu ma kada ka auna ta da tef, ka ɗora ta farko a kan katakon ka zana. Ko da ka yi kuskuren 'yan milimita, ya zama su biyun sun yi shi tare.

Layin kuma ka zagaya da shi: fuska, da gefe biyu. Sannan ka yi 'yar alama a ɓangaren da za a yar. Ka auna kaurin katakonka na gaskiya ma, don abin da ake kira santimita 2 ko inci ɗaya sau da yawa ba ya cika bayan an fere shi.

3. Yanka

Ka ɗora katakon a kan abin da bai kai ƙugunka ba, tsohuwar kujera ko akwati mai ƙarfi, ka danne da gwiwa, layin yana ɗan leƙowa waje. Ka riƙe zarto da yatsa manuniya a miƙe a gefen mariƙin, tana nuna inda za a bi. Kafaɗarka da gwiwar hannunka da zarton su zama a layi ɗaya.

Zarto ba a kan layi yake bi ba, a gefensa yake bi, ta ɓangaren da za a yar. Layin fensir ya rage a jikin abin da kake so. Ka jingina ruwan zarton da gaɓar babban yatsanka, can sama da haƙora, ka ja baya a hankali sau uku ko huɗu har ya yi wa kansa hanya. Daga nan ka janye hannun nesa, ka karkata zarton kamar rabin tsaye, ka riƙa tura shi da dogon zango, kana amfani da kusan duka tsawonsa. Kada ka danna. Nauyinsa ya isa, kai dai kai shi ka dawo da shi. Za ka ji sautin ya daidaita, shuu, shuu, gari yana zuba ƙasa. In ka ji yana kuka yana tsalle, ko ka matsa masa ne ko katakon bai dannu ba.

In ya fara kaucewa kada ka murɗa shi da ƙarfi. Ka koma baya inda yake daidai, ka kwantar da shi kaɗan, ka sake bin layin. In yana cijewa, ka goga kyandir ko busasshen sabulu a ruwansa. Da ka kusa ƙarshe, ka zagayo da ɗaya hannun ka tallabi guntun da zai faɗi, ka rage sauri. In ka bar shi ya faɗi da kansa zai tafi da ɓallin katako daga kusurwa.

Kafin ka taɓa katakon aikin, ka yi yanka biyar ko shida a guntun da ba ka so, kana gwada kowane da sukwaya. Minti goma ne, amma za ka ga bambanci tsakanin na farko da na ƙarshe.

4. Gurbin haƙarƙari da tsagar ƙafa

Wannan shi ne sirrin bencin. A kowace kusurwar sama ta ƙafa za a cire ɗan gurbi inda haƙarƙari zai shiga ya zauna. Ba tef za ka sa ba. Ka ɗauki haƙarƙarin kansa ka jingina a kusurwar, ka zana faɗinsa da kaurinsa. Yanka biyu ne: dogo daga sama yana bin jijiya, gajere daga gefe yana tare shi. Ka tsaya a cikin layi. Gurbin da ya ɗan yi kaɗan ana ƙara shi da samfefa ko magagari, wanda ya yi yawa kuwa sai dai ciko.

Dalilin wannan wahala shi ne, haƙarƙarin zai sami kafaɗar da zai hau. Nauyin mai zama zai sauka katako kan katako, sukuru aikinsa kawai ya hana su rabuwa. Bencin da aka manna wa haƙarƙari a gefe ba gurbi, nauyin duk a wuyan sukuru yake, kuma irinsa ne ke fara rangaji bayan shekara.

A ƙasan kowace ƙafa kuma ka bar santimita 7 dama, 7 hagu, ka zana kusurwa uku mai tsayin santimita 10 a tsakiya ka yanke. Ba ado ba ne kawai. Faffaɗar ƙafa in ta sami daɓen da bai daidaita ba sai ta yi ta lilo a kan tudu ɗaya, amma 'yan dugadugai huɗu sun fi samun wurin zama.

5. Guga kafin haɗi

Ka goge komai yanzu, tun suna warwatse, don bayan haɗi hannu ba ya shiga lungu. Ka naɗe samfefa a guntun katako mai lebur, ka bi jijiya, kada ka gitta ta. Karcen da aka yi a gicciye ba ya nunawa sai an shafa mai, sannan ya fito ɓaro-ɓaro. Ka fara da 80, ka koma 120, ka ƙare da 180, kada ka tsallake. Ka kashe kaifin gefuna kaɗan don kada su kama tufafi ko su yanki yaro, amma ka bar cikin gurbi da saman ƙafafu da kaifinsu, can haɗi zai zauna. Ka yi a waje ko kusa da taga, ka rufe hanci da baki.

6. Gwaji ba gam, sannan huji

Ka haɗa komai a bushe. A jikin kowane haƙarƙari ka ja layi santimita 5 daga kowane baki, nan bayan ƙafa zai tsaya. Ka haɗa haƙarƙarin biyu wuri ɗaya ka zana su tare. Saman haƙarƙari da saman ƙafa dole su zo daidai, in ka shafa da yatsa kada ka ji tudu. In wani ya ɗara, yanzu ne lokacin gyara.

Kowane haɗi sukuru biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowane kamar santimita 2 daga gefe. Kada ka tura sukuru ba huji. Sukuru ba ya cire katako, buɗa shi yake yi, kuma kusa da baki buɗawar nan ita ce tsagewa. A katakon da sukuru zai fara ratsawa ka yi huji daidai kaurin sukurun yadda zai wuce ba gardama, a na bayansa kuma ka yi wanda ya fi shi siranta don zaren ya sami abin kamawa. Ka ɗan buɗa bakin hujin yadda kan sukuru zai nutse.

In ba injin huda, ka sami ƙusa wadda ta ɗan fi sukurun siranta, ka buga ta rabi, ka kama da filaya ka juya ka zare. Ramin da ta bari ya isa a katako mai laushi. Ka goga zaren sukurun a sabulu ko kyandir, zai shiga kamar ba shi ba. In kuma ƙusa kaɗai gare ka, ka nemi mai tsawon da ya ninka kaurin katakon da za ta fara ratsawa sau biyu da rabi zuwa uku. Ka kifa ta ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe, dakusasshiyar ƙusa tana murƙushe jijiya ta wuce, mai tsini kuwa raba ta take yi. Ka karkata biyun kaɗan, kowace ta nufi 'yar'uwarta, sun fi wuyar zarewa a haka. Katako mai tauri kam ko ƙusa ce sai an huda.

7. Haɗa ƙafafu da haƙarƙari

Ka shafa gam siriri a cikin gurbi da inda haƙarƙari zai taɓa, ka baje da yatsa. Yawan gam ba ya ƙara ƙarfi, zamewa kawai yake sawa. In ka matse ka ga 'yan ɗigo sun fito a bakin haɗin, ya isa. Ka ɗaura sukuru ɗaya-ɗaya a kusurwa huɗun tukuna, kada ka ƙarasa ɗaure su.

Yanzu ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a gicciye, ka sake auna ɗaya gicciyen. In awon biyu ɗaya ne, firam ɗin, wato ƙafafu da haƙarƙari a haɗe, ya tsaya daidai. In ɗaya ya fi, ka matsa dogon a hankali da hannu, ko ka zagaya shi da igiya ka sa sanda ka murɗa har su zo ɗaya. Ka sa sukwaya tsakanin ƙafa da haƙarƙari ka tabbata ƙafar ba ta kwanta ciki ko waje ba. Sai ka ɗaura sauran sukurun. Farin gam yana ba ka 'yan mintoci ne kawai kafin ya fara kamawa, don haka komai ya kasance a kusa da hannunka kafin ka buɗe robar. Wanda ya tsatso ka share da jiƙaƙƙen tsumma nan take, in ya bushe mai da banish ba sa shiga wurin, sai ya bar farin tabo.

Kan sukuru na daidaita da katako ka tsaya. Juyi ɗaya na ƙari shi ke cinye ramin, sukuru ya koma juyawa a banza. In hakan ta faru, ka zare shi, ka cusa tsinken ashana biyu ko uku da gam a ramin, ka karye abin da ya leƙo, ka mayar.

8. Ɗora sama

Ka kifa saman a ƙasa, fuskar da ka fi so tana kallon ƙasa a kan tsumma, ka ɗora firam ɗin, ka daidaita yadda santimita 5 zai rage a kowane kai bayan haƙarƙari. Ka zana kewayensa, ka ɗauke, ka yi huji a tsakiyar zanen, don kada ka yi ta lalube daga sama sukuru ya fito ta gefe. Huɗu a kan kowane haƙarƙari, biyu a kan kowace ƙafa.

Waɗanda suka shiga haƙarƙari su ne masu riƙon gaske. Na kan ƙafa suna shiga ne ta bakin jijiya, inda itace yake kamar damin tsinke da aka kalla ta kai, sukuru ba ya samun abin cizo sosai, gam ma tsotse shi ake yi. Shi ya sa bencin da aka buga wa sama a kan ƙafafu biyu kawai ba ya kwana biyu. Ni ina sa gam a kan haƙarƙari, amma in ina shakkar bushewar katakon sai in bar saman ba gam, in ɗan faɗaɗa hujin, ya sami wurin motsi.

Ka bar shi awa 24 kafin kowa ya zauna. Gam yana kamawa cikin awa ɗaya, amma ƙarfinsa bai cika ba sai ya kwana.

9. In yana ɗingishi

Ka gwada shi a wurin da ka tabbata lebur ne, don sau da yawa laifin daɓe ne. In bencin ne, kada ka hau yankan ƙafa da ka. Ka cusa 'yan takardu ƙarƙashin wadda ba ta taka ba har ya daina motsi. Ka kwantar da fensir a ƙasa, ko a kan ɗan siririn katako in tazarar ta fi, ka zagaya dugadugan huɗu da shi. Layin da ya fito shi ne gaskiya. Ka rage kowace zuwa layinta da samfefa mai lamba 80 ko zarto.

10. Shafe

Ka share ƙura tas. Ramukan sukuru ka cike da garin katakon da ka tara, kwaɓe da ɗan gam, in ya bushe ka goge. Mai ko banish ko fenti, shafi biyu ko uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke zuba ya yi hawaye kuma ya ƙi bushewa. Tsakanin shafi da shafi ka bari ya bushe, ka ɗan bi da samfefa mai laushi. Ka shafa ko'ina har ƙarƙashi, don in fuska ɗaya ce ta rufu, ɗayar za ta riƙa shan danshi ita kaɗai, saman ya yi kwarmi. Ƙasan dugadugai su suka fi buƙata, ta nan ruwa ke hawa, ta nan gara ke samun hanya.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: tsumman da ya sha man katako irin mai bushewa, in aka dunƙule shi aka jefa a kwana, yana iya ɗumama da kansa har ya kama wuta. Ka baje shi a waje ya bushe ƙarau, ko ka jiƙa shi a ruwa, kafin ka yar.

Akwati da kanta

Guntayen da suka rage kada ka zubar. Akwatin ajiye kayan aikin nan naka shi ne aiki na biyu: gefe huɗu da gindi. Dogayen biyu su rufe bakin gajerun, don haka in kana lissafin cikinsa ka cire kaurin katako sau biyu, nan mutane ke ruɗewa. Gam, huji, sukuru, awon gicciye, duk kamar yadda ka yi. Gindin in ka sami falankin filawud mai kusurwa daidai, shi da kansa zai daidaita akwatin in ka bi gefensa.

Kanta kuma katako ɗaya ne da maƙalai biyu, amma aikin a bango yake. A bangon bulo ko siminti sai an huda an sa fulogin roba wanda ya yi daidai da bakin hujin, sannan sukuru. Ƙusa a filasta ba ta ɗaukar nauyi. Kada ka huda a saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa ko gefe, don nan wayoyi suka fi bi, haka ma kusa da famfo. Ka kafa maƙali ɗaya, ka ɗora katakon, ka daidaita da ma'aunin lebur mai ɗigon ruwa, sannan ka yi alamar na biyu. In babu ma'aunin, faffaɗan faranti da ruwa a ciki zai nuna maka inda ya karkata. Katako mai kaurin santimita 2 in littattafai zai ɗauka, kada tazarar maƙalan ta wuce santimita 60 zuwa 70, in kantar ta fi haka tsawo ka ƙara na uku a tsakiya.